Yadda ake tayar da sabon had-disk da ya ƙi motsi a kwamfutar tebur

Ka sayo babban faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-disk, mai terabait 8 ko 12 ko 14. Ka ɗaure shi a cikin kwamfutar tebur, ka haɗa wayar wuta da ta data, ka kunna. Fanka na juyawa, Windows ta buɗe, tsohon faifanka na aiki lafiya lau, amma sabon ko gezau. Ka ɗora yatsa a bayansa, babu girgiza, babu ƙara, babu ɗumi. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe, babu sunansa. Abin ɗaure kai kuma shi ne idan aka sa shi a akwatin USB mai cajar wuta sai ya tashi nan take.

Kada ka yi saurin mayar wa mai shago da kayansa. A mafi yawan lokuta irin wannan faifan lafiyarsa ƙalau. Akwatin wutar kwamfutar ne, wato fawa-fak, yake riƙe da shi a kashe ta hanyar fil guda ɗaya tak daga cikin 15 da ke bakin wutarsa. Gyaran ba ya wuce minti 10, kuma kayan aikin ba su da tsada. Sai dai akwai hanyar da ta dace, akwai kuma wadda ke ƙona faifai har da abin da ke cikinsa.

Abin da ke faruwa a fil na 3

Bakin had-disk na SATA, wato irin mahaɗin da faifan kwamfutar gida ke da shi, kashi biyu ne. Ƙaramin mai fil 7 na data ne, babban mai fil 15 na wuta ne. A tsohon tsari, ga yadda aka raba fil 15 ɗin nan:

Fil 1, 2 da 3 suna ɗauke da bolt 3.3, daga waya mai ruwan lemo.
Fil 4, 5 da 6 layin ƙasa ne, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, daga baƙar waya.
Fil 7, 8 da 9 suna ɗauke da bolt 5, daga jar waya.
Fil 10 da 12 layin ƙasa ne, daga baƙar waya ta biyu. Fil 11 da ke tsakaninsu na sigina ne, kuma a wayar fawa-fak ta yau da kullum a haɗe yake da su.
Fil 13, 14 da 15 suna ɗauke da bolt 12, daga rawayar waya.

Faifai mai inci 3.5 abu biyu yake ci: bolt 12 don motar da ke juya farantan ciki, da bolt 5 don allon lantarkin da ke ƙasansa. Bolt 3.3 kusan babu faifan da ya taɓa amfani da shi. Ganin fil uku suna zaune a banza, sai ƙungiyar SATA-IO, mai kula da ƙa'idar SATA, ta bai wa fil na 3 sabon aiki a bugu na 3.3 da ta fitar a 2016. Sunan aikin a takardun kamfanoni “Power Disable”, a taƙaice PWDIS. Don manyan cibiyoyin ajiyar bayanai aka yi shi, inda ɗaki ɗaya ke ɗauke da dubban faifai. Idan guda ya maƙale, maimakon a tashi ma'aikaci ya je ya zare shi ya mayar, sai a aika masa wuta kaɗan a fil na 3 daga nesa, ya mutu, a janye wutar, ya sake tashi.

Ƙa'idar ita ce: muddin fil na 3 yana ganin wuta tsakanin bolt 2.1 da 3.6, faifan zai ɗauka an umarce shi ya zauna a kashe. To fawa-fak mai tsohon tsari kullum bolt 3.3 yake zubawa a wannan fil ɗin, daga lokacin da aka kunna kwamfuta har a kashe ta. Faifan bai lalace ba, umarni yake bi. Akwatunan USB kuwa galibi ba sa kai komai a fil na 3, shi ya sa yake tashi a cikinsu.

Faifan da aka fi samun wannan matsala da su su ne na manyan kamfanoni, musamman jerin Ultrastar na HGST da Western Digital masu iskar hiliyom a ciki, irin su He10 da He12 da waɗanda suka biyo bayansu, da kuma masu farar takarda da ake cirowa daga akwatunan WD Elements, My Book da easystore na terabait 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin manyan faifai na hannu da ke shigowa kasuwanninmu a farashi mai sauƙi daga irin waɗannan cibiyoyi aka ciro su, don haka matsalar ba baƙuwa ba ce a teburin mai gyara. Ka lura cewa faifai biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya suna iya bambanta, ɗaya yana da PWDIS, ɗaya ba shi da shi. Cikakkiyar lambar da ke jikin takardar faifan ita za ka duba a takardar bayanin kamfanin.

Tabbatar da cutar kafin magani

Ba kowane faifai da ya ƙi tashi ne fil na 3 ya hana shi ba. Bi waɗannan a jere, domin kowanne yana kawar da wani zato.

Da farko kashe kwamfutar, ka kashe makunnin da ke bayan fawa-fak idan yana da shi, ka zare filogi daga bango ko daga UPS. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 don ragowar wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka taɓa faifai, musamman a lokacin hunturu da iska ta bushe, lokacin da jiki ke tara wutar da ke tsartuwa idan an taɓa ƙarfe. Riƙe faifan ta gefunansa, kada ka sa yatsa a kan allon da ke ƙasa.

Na biyu, dubi bakin faifan da kyau. Idan akwai rata tsakanin ɓangaren data da na wuta, SATA ne. Idan roba ta haɗe ɓangarorin biyu ba rata, SAS ne, na saba, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai, kuma ba zai yi aiki a madabod, wato babban allon kwamfuta, na gida ba sai da kati na musamman. Ana yawan sayar wa mutane SAS a matsayin SATA saboda kamanninsu, kuma babu wani tef da zai gyara wannan.

Na uku, gwada wayar wutar da wani faifai da ka san yana aiki. Idan tsohon faifai ya tashi a wannan kan wayar, sabon kuma ya ƙi, to waya tana kawo wuta. Idan duka biyun sun ƙi, matsalar waya ce ko fawa-fak.

Na huɗu, gwada sabon faifan a akwatin USB ko tashar dasa faifai mai cajarta ta bolt 12. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Ƙaramar wayar USB zuwa SATA wadda ba ta da caja bolt 5 kaɗai take bayarwa. Tana tayar da faifan laftof mai inci 2.5 da SSD, amma har abada ba za ta juya mai inci 3.5 ba, sai mutum ya yanke hukunci cewa faifan ya mutu. A tabbata akwai cajar bolt 12 mai aƙalla amf 2.

Na biyar, ƙirga wayoyin da suka shiga kan SATA na fawa-fak ɗinka. Idan biyar ne, akwai bolt 3.3. Idan huɗu ne, babu, kuma matsalarka ba fil na 3 ba ce. A fawa-fak na zamani sau da yawa duk wayoyin baƙaƙe ne, don haka launi ba zai taimaka ba, ƙirga za ka yi. Wayar bolt 3.3 ita ce ta can gefe, ɓangaren da bakin filogin ya lanƙwasa kamar harafin L.

Idan faifan ya tashi a USB, wani faifai ya tashi a wayar kwamfutar, kuma wayoyin biyar ne, to ka kama ɓarawon. A yayin gwajin ka ba shi lokaci, domin manyan faifai kan ɗauki daƙiƙa 20 ko fiye kafin su kai cikakken gudu, kuma masu hiliyom ba su da ƙara sosai. Yatsa a bayan faifan ya fi kunne gaskiya.

Hanya ta farko: rufe fil ɗin da tef

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai faifai ɗaya ko biyu, domin ba a yanka komai, kuma ana iya mayar da abu yadda yake.

Kayan aiki: tef ɗin Kapton, sabuwar reza ko almakashi mai kaifi, hantsaki, tsinken sakace, da haske mai kyau. Kapton shi ne siririn tef ɗin nan mai launin zuma da masu gyaran wayar hannu ke rufe allo da shi idan za su hura masa zafi. Duk inda ake sayar da kayan gyaran waya, kamar kasuwar Farm Centre a Kano, ana samunsa, kuma ɗan guntun da kake buƙata mai gyaran waya zai iya yankar maka. Dalilin zaɓensa shi ne siriri ne ƙwarai, wutar lantarki ba ta ratsa shi, kuma zafi ba ya narkar da gam ɗinsa.

Baƙin tef na masu wayarin bai dace ba. Yana da kauri, sai filogi ya tura shi baya ko ya ƙi shiga, kuma idan faifai ya yi ɗumi gam ɗinsa kan narke ya bi sauran fil ɗin ya ɓata su. Salatif na ofis yana iya yin aiki na gwajin minti biyar, amma yakan yage ya bar guntu a cikin filogi. Tef mai ƙyallin ƙarfe kuwa kada ma ya kusanci wurin.

Ga matakan:

1. Kifa faifan a kan tebur mai tsabta, allon lantarkin yana sama, bakin yana fuskantarka. A haka za ka ga fil ɗin masu ruwan zinare a shimfiɗe.

2. Nemo fil na 1. Shi ne na ɓangaren wuta da ya fi kusa da ɓangaren data, wato dab da ratar da ke tsakaninsu. Daga nan ake ƙirgawa: 1, 2, 3. Idan ka faro daga ɗaya gefen, fil 13 zuwa 15 za ka rufe, na bolt 12, faifan kuma ba zai tashi ba.

3. Yanke shawara: fil na 3 kaɗai za ka rufe ko duka ukun. Tazarar fil da fil milimita 1.27 ce, saboda haka tef ɗin fil ɗaya siririn zare ne mai wuyar riƙewa, mai saurin zamewa. Rufe 1, 2 da 3 gaba ɗaya ya fi sauƙi, ya fi kamawa, kuma ba ya cutar da komai tun da faifan ba ya cin bolt 3.3. Wannan ce shawarar da ta fi. Faɗin tef ɗin kada ya kai milimita 4.

4. Manna Kapton a kan abu mai santsi, kamar gilashi ko tsohon katin caji na roba, ka yanka da reza: faɗi kamar milimita 3.5, tsawo kamar santimita ɗaya da rabi. Yanka a kan gilashi yana ba da gefe miƙaƙƙe fiye da yanka a iska.

5. Ɗauko shi da hantsaki, ka shimfiɗa a kan fil ukun tun daga tushensu har bakin. Kada ka taɓa gam ɗin da yatsa, maiƙon hannu yana kashe shi.

6. Ragowar da ta fito waje ka naɗe ta ta bakin robar zuwa ɗaya fuskar. Wannan naɗin shi ne sirrin aikin. Idan tef ya tsaya a bakin fil ba a naɗe ba, filogi na shiga zai kama gefensa ya tattara shi ciki.

7. Danna shi da tsinken sakace har ya kwanta ba kumfa. Duba cewa fil na 4 a buɗe yake sarai, kuma babu ko ɗan gefen fil na 3 da ya leƙo.

8. Shigar da filogin wuta a miƙe, a hankali, sau ɗaya. Kada ka riƙa karkaɗa shi hagu da dama. Haɗa wayar data, ka mayar da wuta, ka kunna.

Idan bai tashi ba, kashe komai, zare filogin ka duba tef ɗin. Sau da yawa za ka tarar ya zame ko ƙarfen filogin ya huda shi. Sake yanka sabo, kada ka gyara tsohon. Kuma duk ranar da ka cire filogin saboda wani dalili, ka ɗauka tef ɗin ya tashi daga aiki, ka sake dubawa. Yana da kyau ka manna 'yar takarda a jikin faifan ka rubuta cewa an rufe fil na 3, saboda wanda zai buɗe kwamfutar bayanka.

Akwai masu karya fil na 3 da reza ko su shafe shi da jan farce. Karyawa tana aiki, amma ba a mayarwa, tana kashe garanti, kuma hannu na kucewa an taɓa fil na 4 ko an fasa robar bakin. Garin neman gira a rasa ido. Jan farce kuwa filogi na kankare shi tun shigar farko.

Hanya ta biyu: cire wayar bolt 3.3

Mai faifai uku ko huɗu, ko wanda ke yawan cirewa da mayarwa, gara ya gyara waya maimakon ya bi kowane faifai da tef.

Mafi aminci shi ne ka sayi gajeriyar wayar ƙari ta SATA, namiji a gefe ɗaya, mace a ɗaya gefen. Idan ka samu mai wayoyi huɗu, an gama, sa ta kawai tsakanin fawa-fak da faifan. Idan mai biyar ce, yanke mai ruwan lemo. Cire guntu kamar santimita ɗaya daga tsakiyarta don bakunan biyu kada su sake haɗuwa, sannan ka rufe kowane baki da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Bakin da ke ɓangaren fawa-fak yana ɗauke da wuta, kuma idan ya taɓa ƙarfen akwati zai kashe kwamfutar nan take. Amfanin wannan hanya shi ne ɓarnar ta tsaya a kan waya mai arha, fawa-fak ɗinka bai san an yi ba.

Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, kada ka yanka da ka. Sa mitar auna wuta a ma'aunin DC na bolt 20, baƙin tsinke a jikin ƙarfen fawa-fak ko a baƙar wayar filogin Molex, wato farin filogi mai ramuka huɗu, jan tsinke a kan wayar da kake zargi ta bayan filogi, kwamfuta a kunne, faifai a cire. Bolt 3.3 na gaskiya zai nuna tsakanin 3.14 da 3.47. Yi wa wayar alama, kashe wuta, zare filogi, sannan ka yanka. Tun da mita na hannunka, auna sauran: bolt 5 ya kamata ya faɗa tsakanin 4.75 da 5.25, bolt 12 kuma tsakanin 11.4 da 12.6. Abin da ya fita daga nan alama ce fawa-fak ya gaji.

Wasu kawunan SATA na fawa-fak suna da murfin roba a baya, wayoyin an danna su ne cikin haƙoran ƙarfe. A irin waɗannan ana iya ɗaga murfin da ƙaramar sukudireba, a ɗago wayar bolt 3.3 daga haƙorinta, a naɗe inda haƙorin ya huda rigarta, a mayar da murfi. Aiki ne mai tsabta, amma a yi shi a waya mai cirewa, wadda idan ta lalace za a iya maye gurbinta. Cikin fawa-fak kansa ba wurin shiga ba ne, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare filogi.

Hanya ta uku: adaftar Molex zuwa SATA

Molex shi ne tsohon farin filogi mai ramuka huɗu: rawaya, baƙi, baƙi, ja. Ba shi da bolt 3.3 ko kaɗan, don haka duk faifan da aka ciyar ta adaftarsa zai tashi ba tare da tef ba. Ita ce hanya mafi sauri, kuma ita ce mafi haɗari idan aka sayi adafta marar kyau.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka zuba narkakkiyar roba a kan wayoyin, kan SATA ɗin ya zama dunƙule guda, ba ka ganin inda waya ta haɗu da ƙarfe. A cikin irin wannan, wayoyin kan matsa kusa da juna tun a masana'anta, zafi ya tausasa robar, wata rana rawaya ta taɓa baƙa, sai hayaƙi. An sha ganin kan faifai ya narke ta wannan hanya, wani lokaci bayan watanni ana amfani lafiya. Akwai kuma wadda kowace waya ta shiga raminta daban, ana ganin ƙarfen da aka matse ta da shi, ko mai murfin da ake iya buɗewa. Wannan ita za ka nema. Araha ba ta ado, balle a kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana, kamar ta ajiyar hotunan kyamarorin tsaro. Duba kuma kaurin wayar: a jikin rigarta ana rubuta 18AWG, kuma lamba mafi girma, kamar 22, tana nufin waya mafi siranta.

Kada ka jera faifai da yawa a kan filogi ɗaya. An ƙera kowane fil na SATA don amf 1.5, wato amf 4.5 a layin bolt 12 mai fil uku. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amf 2 a 'yan daƙiƙun farko da motarsa ke tashi. Biyu a kan mai raba wuta ɗaya sun isa. Uku sun wuce iyaka.

Idan ba fil na 3 ba ne

Faifan da ke yunƙurin tashi, ka ji ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa, ko yana ɗan ƙara kamar tsuwa, ba PWDIS ke damunsa ba, domin mai PWDIS shiru yake yi ɗungurungum. Wannan ko wuta ce ba ta isa ba, ko motar ta maƙale. Cire sauran faifai da abin karanta DVD, ka bar shi shi kaɗai a waya, ka gwada. Ƙananan kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo, waɗanda suka cika kasuwar na hannu, da yawansu fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, kuma wutar faifai daga madabod take fitowa ta wata 'yar waya ta musamman. An yi su ne don faifai ɗaya ko biyu. Ɗan siririn filogin da ke zuwa abin karanta DVD a cikinsu bolt 5 kaɗai yake ɗauke da shi, adafta daga nan ba za ta juya babban faifai ba.

Idan kuwa da ka haɗa faifan kwamfutar gaba ɗaya ta ƙi tashi, fanka ta ɗan motsa ta tsaya, da ka cire shi kuma komai ya dawo, to layin wuta ya haɗe da layin ƙasa a allon faifan. A kusa da bakin wuta akwai ƙananan diyod na kariya da ake kira TVS, ɗaya a layin bolt 12, ɗaya a layin bolt 5. Idan wuta ta yi yawa sukan ƙone su haɗe layin da ƙasa don su ceci sauran allon. Auna da mita a ma'aunin om, faifai a cire: tsakanin fil 13 zuwa 15 da fil na ƙasa, sannan tsakanin fil 7 zuwa 9 da fil na ƙasa. Idan ya nuna kusan sifiri kuma ya tsaya a haka, diyod ya tafi. Daina kunna shi. Idan akwai bayanai masu muhimmanci a ciki, a kai wa wanda ya ƙware a allon faifai. Musanya allo da na wani faifai mai kama da shi ba ya aiki haka kawai, domin kowane faifai yana da bayanan saitinsa a wani ɗan guntu da ke kan allonsa.

Babban abin da ke jawo wannan ƙonewar shi ne wayar fawa-fak mai cirewa da aka aro daga wani fawa-fak. Bakin da ke shiga faifai iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga fawa-fak kowane kamfani da tsarinsa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun saɓa. Filogin zai shiga daidai, amma bolt 12 ya bi layin bolt 5, cikin ƙiftawar ido duk faifan da ke kan wayar sun ƙone. Mai neman waya mai wayoyi huɗu don kauce wa fil na 3 ya kiyayi wannan tarkon. Ba a amfani da wayar da ba ta zo da fawa-fak ɗin ba sai an auna kowane layi da mita.

Akwai kuma faifan da aka saita su tun a saba don kada su juya sai an ba su umarni ta wayar data. Shi ya sa a duk gwaji a cikin kwamfuta ake haɗa wayoyin biyu, kada a tsaya ga ta wuta kaɗai.

Ya tashi, amma ba a ganinsa

Shiga BIOS, da Del ko F2 a yawancin kwamfutoci, F10 a HP. Idan faifan na juyawa amma babu sunansa, canja wayar data, ka canja ramin SATA. A madabod da yawa, sa SSD a ramin M.2 yana kashe rami ɗaya ko biyu na SATA, kuma littafin madabod ɗin yana faɗin waɗanne ne. Wasu BIOS ɗin ma suna da wurin kunna kowane rami da kashe shi.

Idan BIOS ya gan shi amma bai fito cikin Windows ba, danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi Disk Management. Sabon faifai zai nemi a yi masa Initialize. Zaɓi GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya wuce terabait 2, sauran sararin zai zauna a banza. Bayan nan ka ƙirƙiri sabon kashi, ka ba shi harafi, ka tsara shi da NTFS. Faifan terabait 8 zai nuna kusan 7.27, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

A nan a yi hattara. Idan faifan daga akwatin USB aka ciro shi kuma akwai kaya a ciki, Windows ta ce a yi masa Initialize, kada ka yarda. Wasu akwatunan, musamman na My Book, suna kulle bayanai ta allon USB ɗinsu, wasu tsofaffi kuma suna canja girman sassan faifan, don haka a waje sai ya zama kamar babu komai. Mayar da shi akwatinsa, kwashe kayan zuwa wani wuri, sannan ka ciro shi ka tsara.

Wajen ɗaurewa, manyan faifai da yawa ba su da ramin sukuru na tsakiya a gefe, na ƙasa kuma sun matsa daga inda aka saba, saboda farantan ciki sun cinye wurin. Yi amfani da ramukan da suka dace, aƙalla biyu a kowane gefe idan zai yiwu, da gajerun sukurori masu zaren 6-32. Kada a bar faifai yana lilo a kan wayarsa, domin robar bakin SATA ba ta da ƙarfi, kuma girgiza tana rage masa kwana.

Kafin ka zuba masa kaya, musamman idan na hannu ne, buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa. Lamba 05 tana nuna sassan da suka lalace aka maye gurbinsu, C5 waɗanda ake zargi, C6 waɗanda suka gagara gyara. Duka ukun sifiri ake so. Lamba 09 awoyin da ya yi yana aiki ne, kuma shekara guda cur awa 8,760 ce, sai ka lissafa ka gani ko ya yi daidai da abin da mai sayarwa ya faɗa. Idan C7 tana ƙaruwa, wayar data ce ba ta da kyau, ba faifan ba. Bari ya yi cikakken gwajin karanta kowane sashe, wanda a faifan terabait 12 yakan ci kusan kwana guda, don haka a sa kwamfutar a UPS ko inbata saboda ɗaukewar wuta. Sa ido kan zafinsa a lokacin gwajin. Yawancin irin waɗannan faifai iyakarsu digiri 60 ce, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, da zafin gari kansa ke haura 40 a Arewa, faifai mai gudun zagaye 7200 a minti a akwati marar iska yana kusantar iyakar cikin sauƙi. Idan ya wuce 50, ɗaura fanka mai milimita 120 ko 80 a gabansa tana hura masa iska kai tsaye, ka bar ratar gurbi ɗaya tsakaninsa da faifan da ke kusa.